Baƙin Ruwa a Tankin Motar Nababa

Motar Nababa ta girmi 'ya'yansa duka, in ma aka bi diddigi ƙila ta girmi aurensa. Tsohuwar jif ce mai jan ƙafa huɗu. A hannun wani dillalin hatsi ya saye ta a Dawanau, aka jawo ta da igiya har ƙofar gida, mutanen gari suna ta dariya wai Nababa ya sayo wa kaji akurki. Shi kuwa ya toshe kunne. Rani guda ya ƙare a ƙarƙashinta, a gindin darbejiyar da ke tsakanin gidansa da na maƙwabcinsa Malam Abdulkabir. Ya canza kiloci, ya ɗaura mata kafiretan wata mota daban, ya ƙarfafa sifirin na baya don ta jure buhu, ya yi mata bodi na katako. Da damina ta sauka, hanyar fadama ta zama kunu, ƙananan motoci suka ja da baya, sai ga akurkin kaji yana ratsa taɓo da buhunan mutane zuwa kasuwar Ɗambatta. Masu dariyar nan su ne suka fara yi masa sammako suna neman wuri.

Duk wannan wahala da Malam Abdulkabir aka sha ta. Bai san sifana mai lamba goma daga mai sha biyu ba, amma in ya tashi daga karatun safe sai ya jawo buzunsa ya zauna, ya miƙa wannan, ya riƙe wancan, yana tsiya: "Nababa, ka sayar da gwangwanin nan tun bai kai ka lahira ba." Tare suka tashi. Uwar Abdulkabir ta rasu yana jariri, Inna, mahaifiyar Nababa, ita ta goya shi. Ita dai Inna ba ta taɓa son motar ba. Tun da babban ɗanta Kamaruddeen ya rasu a hatsari a hanyar Kano, duk ranar da Nababa ya fita ba ta iya haɗiye tuwo sai ta ji ƙugin injin ya dawo.

Ana tsakiyar damina motar ta fara tari. Za ta tashi lafiya da safe, ta yi tafiya kaɗan, sai ta fara fizga tana harbi ta salansa, ta mutu murus a inda ya fi kowane wuri taɓo. Nababa ya kankare fulogi, ya sake sababbi. Ya duba wayoyin wuta. Ya wanke kafireta, ya hura filta da baki har ya ƙware. Ta yi lafiya kwana kaɗan, ranar kasuwa ta sake yi masa tsiya, da buhunan waken mutane a baya, ruwa kuma yana tsugawa. Ranar sai da aka ɗauro shanun huɗa suka jawo shi gida, ya ji kunyar da bai taɓa ji ba.

Da ya gaji da lalube sai ya yi dabara. Ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya tsoma wani a jarka mai tsabtataccen fetur, ya tayar. Inji ya ɗauka sumul, ba tari ba harbi. Ashe cutar a tanki take. Ya kwanta ya kwance noti na ƙasan tankin, ya tara kwalba. Da ya ɗaga ta a rana sai ya ga fetur a sama, a ƙasa kuma wani ruwa baƙi ya kwanta. Da farko ya ce tsatsa ce, to amma tsatsa ja ce. Ya ce ko ruwan sama ne, tunda murfin tankin ya ɓata tuntuni, da tsumma da gwangwanin madara yake toshe shi. Amma ruwan sama ba ya baƙi. Ya ɗiga a yatsa ya murza, ya ji danƙo-danƙo, ya sansana. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san wannan. Tawada ce, ta gawayi da ƙaro.

Ya wanke tankin tas, bai gaya wa kowa ba. Kasuwa ta zagayo, ya sake tara kwalba, baƙin ruwa ya dawo. Nan fa zuciya ta fara saƙa, ita kuwa in ta fara ba ta rasa zare. Wa ke rubutu a unguwar nan in ba Malam Abdulkabir ba? Wa ya san inda bakin tanki yake? Wa ya yi ta cewa motar nan za ta kai shi lahira? Maganar da ya yi shekara yana dariya a kanta yanzu ta koma masa alkawari. In Malam ya yi sallama, sai Nababa ya dubi yatsunsa masu dabbaren tawada. In ya tambayi jikin mota, sai ya ji kamar ya zo duba ko aiki ya ci ne. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don yana son mutumin nan, kuma hakan ya ƙara masa fushi.

Matarsa Asama'u ta lura ya daina cin abinci sosai, ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah. Me Malam zai samu in motarka ta mutu?"

"Hassada ba ta neman riba," in ji shi.

"To ka tambaye shi mana, ku biyu."

"In tambayi wanda ya yi ko ya yi?"

Ranar da motar ta sake mutuwa a fadama, mai wake ya sauke kayansa ya ce ba zai ƙara hawa motar da aka yi wa asiri ba. Da la'asar Nababa ya tafi masallaci da kwalba a aljihu. Ana idar da salla, mutane sun zazzauna a dakali, ya fito da ita ya dangwarar a gaban Malam Abdulkabir.

"Malam, duba min. Tawadar wa ce wannan?"

Malam ya ɗaga kwalbar, ya jujjuya ta. "A ina ka samo?"

"A tankin motata. Duk ranar kasuwa sai an zuba. Kai ka san hannunka."

Mutane suka juyo suna kallonsu. Malam ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi mutanen da ke zaune, ya rufe. Ya ajiye kwalbar a hankali, ya sa takalmansa ya tafi gida. Kowa ya ga bai musa ba, kuma kafin magariba labari ya gama gari. Cikin 'yan kwanaki wasu suka janye 'ya'yansu daga makarantarsa, matan da ke aikawa karɓar rubutun naƙuda suka koma aikawa wani gari.

Nababa kuwa ya kira mai walda, aka yi wa bakin tankin marfin ƙarfe da maƙalar kwaɗo. Ya datse, ya rataya makullin a wuya. Mota ta warke sarai. Ya je Ɗambatta ya dawo ba ko tari, ya ce wa Asama'u, "Kin gani ko?" Amma bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba.

Safiyar wata kasuwar, yana ɗaure buhu, sai ga Inna ta fito tana dogara sanda, da 'yar ƙwarya a hannu an rufe da faifai.

"Kai Nababa, wane irin rashin hankali ne ka kulle bakin motar nan? Wancan satin haka ka fita ba ta sha komai ba, na wuni ban ci tuwo ba. Ba ni makullin."

Ya sauko daga kan bodi. Ya ɗaga faifan. Baƙin ruwa ne a ciki.

"Inna, mene ne wannan?"

"Rubutun tsari mana. Tun da ruwa ya sauka nake sa Abdu yana yi maka. Kai na san halinka, cewa za ka yi kana sauri. To ba ita ke ɗauke da kai ba? Ita nake ba wa. Wannan ma ragowa ce nake ta cancanawa, yaron ya daina shigowa gaishe ni, ban san me na yi masa ba."

Nababa ya mayar da faifan. Ya so ya yi faɗa, ya rasa da wa zai yi. Ya dubi tsohuwa riƙe da ƙwarya, tausayinta da kunyar kansa suka kama shi. Ya buɗe bonet, ya kwance murfin lagireto. "Inna, ta nan take shan ruwa. Can na mai ne." Ta tsiyaye ƙwaryar tana bisimilla, ta shafa bonet ɗin, ta koma ciki hankalinta kwance.

Bai je kasuwa ba ranar. Ya iske Malam a zaure shi kaɗai, alluna jingine a bango. Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Inna ce," ya ce.

"Na sani. Tun da na ga kwalbar na sani. Ni kaina na zaci kai ke sha."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"A gaban dakali? In ce uwar da ta goya ni ce ke ɗura wa mota rubutu, yaran gari su sa ta a waƙa?"

"To da ka same ni ni kaɗai."

Malam ya dube shi ya ce, "Mutumin da ya yarda zan iya yi masa haka, me kuma zan je in gaya masa?"

Hawaye ya zubo wa Nababa. Ya ce yau ɗin nan da la'asar zai tashi a gaban kowa ya wanke shi, ya faɗi yadda aka yi tun daga farko.

"Ba za ka faɗa ba," in ji Malam. "In ka ce ba ni ba ne, za su ce to wane ne, kuma ba za su bar ka ba sai ka kira suna. In ta ji abin da ƙwaryarta ta jawo, ba za ta sake runtsawa ba. Ni zan iya ɗauka, ita ba za ta iya ba." Ya jawo allo ya ɗora a gwiwa, ya tsoma alƙalami. "Na yafe maka. Ka ce mata gobe zan aiko da sabo. Aikowa zan yi, Nababa, ba zuwa ba. Ja min ƙofar in za ka fita."