Tsintsiya a Bakin Ƙofar Verlene

"Tsaya nan, Cleophus. Ina jin ka daga nan," in ji Verlene daga gadon jinyar da aka kafa mata a falo.

Ina shafa mata mai a ƙafa, na ɗago na gan shi bayan ƙofar raga, hula a hannu. Shekara tara tsohon direban bas ɗin nan yana neman maƙwabciyata. Tun da mijinta na fari ya kwaso mata ciwo daga yawonsa, ta rantse ba namijin da zai ƙara shiga gidanta sai da aure. Shi kuma ya ce ya gama da aure. Kowace Lahadi bayan coci, a baranda take ba shi kaza da burodin masara. Ya yi lallashi, ya yi fushi, har ya taɓa ɗauke ƙafa wata uku. Mu matan layinmu na Memphis muka taya shi, ni ce kan gaba, wai mace mai shekara sittin me take tattali? Har yau ina jin kunyar maganar.

"Likita ya ce kwanaki suka rage, Verlene. Ko hannunki ba zan riƙe ba?"

"Ka san hanya, tsoho. Ba ta canja ba don ina mutuwa."

Ya juya ya tafi. Na zage shi tas a raina, don na ɗauka za ta cika ba ya kusa.

Da la'asar sai ga shi cikin kwat, Fasto a bayansa. Ya kwantar da sabuwar tsintsiya mai farin ƙyalle a bakin ƙofa, irin wadda ango da amarya ke tsallakewa tun zamanin kakanninmu.

"Sai da ƙafafuna suka mutu ka kawo tsintsiya?" Ta yi dariya har da tari, ta juyo gare ni. "Earline, miƙo min jar hular cocina."

Mu huɗu matan layinmu muka fito da ita baranda a kujera. Fasto na gama ɗaura auren, Cleophus ya sungume ta, ya tsallake tsintsiyar da ita zuwa ciki. Muka kaure da shewa, na yi kuka ba kunya.

"Kun gani?" ta ce mana ta kan kafaɗarsa. "Ban matsa ko taku ɗaya ba."

Kwana goma sha ɗaya ta yi, ta cika da hannunta cikin nasa.

Jiya na hango shi ta raga, zaune a falo, hularta a cinyarsa. Tsintsiyar na jingine bayan ƙofa, ba wanda ya yi shara da ita.