Tekun Anti Hidaya

Hidaya ba ta taɓa yi wa 'yan matan Madachi ƙarya ba, sai dai takan tsince tsakuwa daga shinkafar kafin ta zuba musu. A Jidda aka haife ta, can ta yi wayo, har ranar da aka kwaso ta da mahaifiyarta aka sauke su a Kano da kayan jikinsu. Yanzu tana zaune a Madachi tana koyarwa a Rano, tana kuma rubuta labarai don yara mata masu tasowa.

Duk Alhamis da yamma sukan cika tsakar gidanta da kwandunan gyaɗa, suna ɓara tana karanta musu daga wayarta. Kullum labarin Ramlatu ne, yarinyar da ke zaune a bakin teku, tana cin gurasa da zafinta, fitilu na haska mata hanya har gida. Yaran da ba su san ruwan da ya wuce kududdufi ba, ina za su ji wannan su zauna lafiya? Wadda ta fi kowa nutsewa ita ce Saudat, 'yar shekara goma sha huɗu, wadda ta haddace labaran har tana gyara wa mai su.

Wata safiya Dije, mahaifiyar Saudat, ta yi sallama. Bafillatana ce mai kunya, Saudat kuma 'yar farinta ce, don haka ba ta kama sunanta, ba ta zama da ita hira, ko faɗa ya kama sai ta aika tata ƙanwar ta yi mata. Ta daɗe tana gaisuwa kafin ta kai ga abin da ya kawo ta. Wata Hajiya daga birni tana ɗibar yara zuwa aikatau a Saudiyya, uban ya amince, yarinyar kuwa har ta wanke kayanta.

"Ni ba ni da bakin yi mata magana," in ji Dije, idonta a ƙasa. "Ke take ji. Ki rubuta mata wanda zai hana ta."

Hidaya ta san aikatau, ta san ƙofar da ake kullewa ta waje.

Ta zauna ta rubuta abin da ta daɗe tana tsallakewa. Ta sa Ramlatu cikin tankin ruwa a saman bene, ta toshe bakinta da mayafi don kada 'yan sanda su ji numfashinta. Ta rubuta yadda uwar Ramlatu ke wanke bayan gidan mutane, yaran gidan suna kiranta da sunan da ba na mutum ba. Tekun ma ta faɗi gaskiyarsa: sau ɗaya Ramlatu ta gan shi, ta tagar motar da ke kai su gidan tsare baƙi. Tana rubutu tana kuka.

Alhamis ta zo, ta karanta. Hannuwa suka tsaya da ɓarar gyaɗa. Da ta kai ƙarshe, sai wata ƙarama ta tambaya ko an jima za a karanta na gaskiyar. Saudat ta karkaɗe zanenta ta yi murmushi, ba raini a ciki, wanda hakan ya fi ciwo.

"Anti, Inna ce ta sa ki. Da haka ne, da tun farko kin faɗa mana."

Hidaya ta rantse, ta ja hannun riga ta nuna tabon da ƙarfen tankin ya bar mata. Saudat ta duba, ta yi mata sannu, sannan ta ce ai kowa da rabonsa, ita ma a bari ta gano wa idonta. An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Hidaya da hannunta ta tanƙwara wannan.

Hidaya ta je wurin uban Saudat, ya ce ta makara, takardu sun fito. Ranar tafiya ba ta iya zuwa tasha ba. Ta shige ɗaki ta zauna, baƙin ciki ya hana ta ko kallon wayar.

Bayan azahar Dije ta shigo ba sallama. Ta zauna a bakin tabarma, ta ce ta raka su har bakin titi amma daga nesa ta tsaya, kamar yadda ya kamaci uwa. Motar ta tashi tana kallo. Ta so ta kira yarinyar, bakinta ya ƙi.

Ta murza bakin mayafinta. Sannan a hankali, kamar mai koyon magana, ta ce, "Saudat. Saudat ta tafi."