Sandar Muntasir

Madam Hadiya ba ta son surutu a ajin lissafi, amma ranar Laraba dole ta haƙura, ranar aikin rukuni ce. Hurhuɗu take raba yaran: mai ƙidaya, mai zane, mai rubutu, mai bayani. A watan jiya sun zagaya ajin da tambaya ɗaya, wane aiki kake so in ka girma. Yau kowane rukuni zai zaɓi zanen da zai nuna amsoshin, ko da'ira ko sanduna.

Dokarta na kan allo: amsar da mutum ɗaya tak ya bayar, a zuba ta cikin "sauransu", kada zane ya cushe.

Rukunin bakin taga su uku ne. Muntasir, mai zanensu, ya bi yayansa cikin kwalekwale zuwa Italiya mako biyu da suka wuce, kwalekwalen bai isa ba. Kujerarsa na nan, an rasa mai ƙarfin halin matsar da ita.

Kowa ya yi da'ira, ban da su. Can sai ga gardama.

"Kai Aiman, wannan sanda ce ko wutsiyar akuya?" in ji Rihab, mai bayaninsu.

"To karɓi ki yi mana! Ni dama ba ni ne mai zane ba."



Madam ta ƙaraso da jan bironta. Likita tara, injiniya bakwai, ɗan ƙwallo shida, a ƙarshe kuma wata 'yar guntuwar sanda a karkace: gyaran agogo, ɗaya.

"Haba Rihab! Ba ki karanta allo ba?"

"Na karanta, Madam. A da'ira ba ya fitowa, sai kamar zare. Shi ya sa muka yi sanduna."

"Ɗaya fa, ina ake kai ta?"

"Amsar Muntasir ce." Rihab ta nuna sandar. "Ran nan a rediyo, cikin mutanen kwalekwalen, sunan mutum huɗu suka faɗa, suka ce da sauransu. Mamarsa na jiran ta ji sunan. Mu ma haka za mu yi masa?"

Wallahi zuciyar Madam Hadiya ta karye. Shekara ashirin tana koyar da dokar nan, ba ta taɓa jin kunyarta ba sai yau.

Ta ajiye biron, ta jawo kujerar Muntasir ta zauna.

"Aiman, ɗana, miƙo rula. Yaron nan bai taɓa ja min layi a karkace ba, mu gyara masa tasa."