Kwamfutar Khalilu Tana Son Iska

Shekarar da 'yan bindiga suka fara tare hanyar Shanono, ita ce shekarar da aka kawo gawar Khalilu gida. Ya bar uwa, Inna Hure, ya bar mata, Furera, ya bar kwamfutar da yake yi wa manoman ƙauyen aiki da ita.

Khalilu ɗan fari ne. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. Tun da ta haife shi, Hure ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. "Wannan yaron" take cewa. Ranar jana'iza ma ba wanda ya ga hawayenta. Mata suka ce ta cika mai kunya.

Bayan an yi arba'in, ta kira Furera gefe ta ce, "Nuna mini inda ake dannawa. Yara ne suke son gani."

Furera ta nuna mata, ba ta tambaye ta ko waɗanne yara ne ba.

A ciki akwai bidiyon da Khalilu ya ɗauka da kakar bara, ranar sussukar gero. Kullum in an yi azahar, mutanen gida sun kishingiɗa, sai Hure ta shige ɗakinta, ta tura ƙofa, ta toshe taga da tsumma. Ta ɗora kwamfutar a kan matashin kai, don ba ta yarda kayansa su taɓa ƙasa. Ta ja bargo ta rufe kanta da ita, kada murya ta fita. Ga bazara, ga rufin kwano.

Sai Khalilu ya fito a bidiyon yana dariya, yana nuna damman gero, yana tsokanar masu sussuka. Can ya juyo ya ce, "Bari in je wurin Inna, akwai abin da nake so..." Daga nan sai kwamfutar ta yi ta huci, hoton ya ƙame. Baki a buɗe, ido a tsaye. Ta danna nan, ta danna can, shiru. Gobe ta sake daga farko, ya sake tsayawa, wani lokaci tun bai kai wurin ba.

Hure ta sa a ranta fushi yake yi da ita. Abinci ya daina shiga.

Wata rana Furera ta kawo mata kunu, ta tarar da ita zaune sharkaf da gumi, ga fuskar Khalilu a sandare a gabanta. Babu sauran ɓoyo.

"Ya ƙi yi mini magana," in ji Hure.

Furera ta ajiye kwanon, ta kai hannu ƙarƙashin kwamfutar, ta janye da sauri.

"Inna, ai ƙwai zai soyu a nan! Ba shi ne ya ƙi ba, zafi ne. Kin ga waɗannan ƙofofin? Ta nan take shan iska, ke kuma kin danna su cikin matashi."

Ta kashe ta, ta bari ta huce. Ta samo gashin kaza ta yi ta zaƙulo ƙura da audugar rimi daga ƙofofin, tana hurawa. Ta ce marigayi a kan bulo biyu yake ɗora ta, a inuwar darbejiya, bai taɓa kunna ta a ɗaki da rana ba.

"To mu ɗora ta a kan bulon a nan ciki," in ji Hure.

Suka gwada. Ta ɗan wuce inda ta saba, har ƙofar gida ta bayyana a bidiyon, sai ta sake ƙamewa.

"In tsallake miki zuwa gaba?" in ji Furera.

"Ba a yanke wa mutum magana."

"To Inna, ɗakin nan tanda ne. In aka ci gaba da haka za ta ƙone, kuma in ta ƙone, ya tafi ke nan da abin da zai faɗa. Sai dai waje."

"Waje? Gaban Iliyasu da matansa?"

Iliyasu ƙanin mijin Hure ne, gida ɗaya suke.

Washegari da hantsi, tsakar gida cike da mutane, Hure ta fito rungume da kwamfutar. Masu daka suka tsaya. Ta jera bulo biyu a gindin darbejiya da hannunta, ta ɗora, ta danna. Malam Iliyasu ya dubi fuskarta, ya ja gefe ya tsaya.

Damman gero suka wuce. Masu sussuka suka wuce. Ƙofar gida ta wuce, bai tsaya ba. Sai ga Hure kanta a ciki, tana tankaɗe, ta juya baya.

"Inna," in ji muryar, "yau dai sai kin faɗi sunana na ɗauka. Sau ɗaya tak. Ba wanda zai ji."

"Tafi can, marar kunya," in ji Huren da ke ciki, ta jefo masa murfin kwano. Ya kwashe da dariya. Bidiyon ya ƙare.

Hure ta sa tafin hannu a gefen kwamfutar. Iska mai ɗumi tana fitowa a hankali.

"Khalilu," ta ce.

Sannan ta dubi Furera. "Mayar mini da shi farko."