Gwiwar Baba Kunne

Shekara goma sha tara Baba Kunne yana bayan labule, a wani lungu da ko akuya ba za ta yarda a ɗaure ta ba, yana yi wa 'yan wasan kwaikwayo sauti. Fallen kwano ne tsawarsa, tsakuwa a faranti ita ce ruwan sama. Sai aka kawo kwamfuta. Ta haɗiye tsawar, ta shanye ruwan, har carar zakara da yake yi da bakinsa ta ƙwace. Abu ɗaya ya gagare ta, ƙarar ƙofa.

Wasan nasu labarin wata mata ne da mijinta ya ɓace shekara bakwai. A fitowa ta ƙarshe tana zaune ta ba ƙofa baya, ƙofar ta yi ƙara, ta juya ta gan shi. To, a kan dandamalin babu ƙofa, katako uku ne aka haɗa. Ƙarar daga gwiwar Baba Kunne ta hagu take fitowa. Tun da ya faɗo daga tsani, in ya durƙusa sai ta yi wani dogon ƙiii, ta ɗan tsaya a tsakiya kamar mai jin nauyin shigowa, sannan ta ƙarasa. Yakan ɗaura mata makirufo da tsumma. An gwada ɗaukar ƙarar a na'ura, amma 'yan kallo suka ƙi yin hawaye, su ɗanya suke so.

Darakta ba ya rufa-rufa. "Baba," in ji shi, "tsakaninka da sallama, gwiwar nan ce kawai."

Matar Baba Kunne kuwa ta gaji da jin nishi. Ta samo wani man shafawa wurin ƙanwarta, mai warin tsohuwar taya, ta yi wata guda tana mulka masa. Shi kuma yana miƙa ƙafar hankali kwance, don a tarihinsa babu maganin da ya taɓa yi masa aiki. Wannan ya yi.

Ranar Asabar da safe, wurin gwaji, ya durƙusa. Shiru. Ya miƙe ya sake, shiru. Darakta ya zo ya kara kunne a kan gwiwar, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Wa ya taɓa mini kayan aiki?"

"Uwar yara ce," Baba Kunne ya ce, kansa a ƙasa.

"Da izinin wa?"

Wasa ƙarfe huɗu ne, saboda haka kowa ya kawo tasa dabarar. Aka ɗora masa lasifika a ka, ya hau bene ya sauko sau talatin. Aka ɗaura masa ƙanƙara, aka zaunar da shi gaban fanka. Gwiwar sai ƙara lafiya take, abin haushi. Mai kwalliya ta ce a gwada ta dama. Ta dama ta yi ɗan ƙas.

"Wannan ƙarar akwati ce," Darakta ya ce. "Shekara bakwai mutum ba ya nan, ya shigo ta akwati?"

Kafintan dandamalin ne ya ja Baba Kunne gefe, ya danƙa masa guduma. "Baba, sau ɗaya ne, daga gefe. Ni na san ƙofa. Wadda ta yi shiru, duka take so."

Ƙarfe huɗu ɗaki ya cika. Kwamfuta ta yi tsawarta, ta yi ruwanta, Baba Kunne yana lungunsa da makirufo a gwiwa da guduma a cinya. Fitowa ta ƙarshe ta zo. Mijin ya tsaya a bakin katako uku da jakarsa. Baba Kunne ya durƙusa a hankali, yana roƙon gwiwar a zuci. Ko ƙis.

Jarumar ba ta juya ba. Ta taɓa juyawa kafin ƙarar ƙofar, Darakta ya wanke ta tas a gaban jama'a, tun ranar ta rantse ko gobara ce sai ta ji ƙofa. Mijin ya yi gyaran murya. Ya ajiye jaka da ƙarfi. Wata mata a layin gaba ta ce, "Baiwar Allah, juya mana, ga shi nan!" Darakta ya daka wa kwamfuta yatsa, ta saki wata ƙarar ƙofar ƙarfe irin ta gidan yari.

"Wannan ba ƙofar gidana ba ce," jarumar ta ce, ta gyara zama.

Kafinta ya nuna gudumar da haɓa. Baba Kunne ya ɗaga ta, ya auna gefen gwiwar. Lungun nan shi ne duk abin da ya iya a duniya, kuma yana son sa, da ƙurarsa da warin wayoyinsa. Amma yau ya hau bene sau talatin da lasifika a ka bai dafa bango ba, kuma ko bai faɗa wa kowa ba, ya ji daɗi. Ya ajiye gudumar.

Ya ɗaga labule ya fita kan dandamali, karo na farko a rayuwarsa, waya tana jan ƙasa a bayansa. Ya tsaya kusa da jarumar.

"'Yata, ƙofa ta buɗe. Juya, Allah ya yi miki albarka."

Ta juya. Inda aka saba share hawaye, ranar dariya aka yi har da masu riƙe ciki.

Bayan an watse Darakta bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce a ba shi makirufonsa, ya durƙusa da kansa zai kwance tsumman. Sai gwiwar Darakta ta yi ƙiii.

Kowa ya tsaya cak. Kafinta ya cire hula.

Baba Kunne ya so ya yi kamar bai ji ba. Ya kasa, kunne ba ya ƙarya. "Sake," ya ce. Darakta ya sake, ido waje. "Kana sauri. Tsaya a tsakiya, ka ƙirga biyu, sannan ka sauka. Yauwa. Za ta yi ciwo, kada ka kula ta."

Ya kwance tsumman, ya ɗaura wa Darakta, ya ja kullin yadda ba zai zame ba. Sannan ya ɗauki farantin tsakuwarsa, ya yi musu sai wata rana. Ya sauko daga benen a hankali, a kowace matakala yana ɗan tsayawa ya kasa kunne, ko gwiwar za ta kira shi ya koma. Har ya kai ƙasa ba ta ce komai ba.