Avril a Ƙarƙashin Igiyar Shanya

"Kar ki ɗaga ni, Bernie. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena."

Avril Threlfall ce, maƙwabciyata, kwance a bayan gidanta ƙarƙashin igiyar shanya. Ta kan katanga na ji kiranta, na zagayo da silifas. Na buga waya a turo motar asibiti. Matar da ta ɗauka ta ce kar a motsa ta, kar a ba ta ko ruwa, suna tafe, amma akwai mutane a gabanmu.

Ƙarfe biyu na rana ne, cikin Nuwamba, ana yayyafi. Na kwaso barguna na lulluɓe ta, na durƙusa na riƙe mata lema.

Shekara ashirin da shida Avril ta yi tana fitowa a wasan talabijin na Litinin da Laraba. Ita ce Queenie mai soya kifi da dankali, mai bakin tsiya. Da ta tsufa, marubutan wasan suka sa Queenie a tasi, wai ta koma Sifen. Avril kuwa layinmu ta dawo, nan garin Rochdale, gidan da uwarta ta bari.

"Na taɓa faɗowa daga bene a wasan," in ji ta. "Sau huɗu muka maimaita. Amma fa da katifa a ƙasa."

"Yi shiru, ki adana ƙarfinki."

"In adana wa wa? Ɗauko min jan-baki a jakata. Ba za su tarar da ni kamar tsumman goge-goge ba."

Na shafa mata.

Ƙarfe uku na sake buga musu waya. Ƙarfe huɗu ma haka. Amsar ɗaya ce. Na murza yatsunta, na hura musu iska, suka ƙi ɗumi. Zuwa can ta daina tsokana.

"Bernie," ta ce a hankali, "fitsari ya kufce min."

"Ruwan sama ne, ƙawata."

"Ba ki iya ƙarya ba. Da ke ce, ko mako ba za ki yi a wasan ba."

Biyar ta wuce suka iso. Ma'aikaciyar, wata mai furfura, ta sunkuya ta dube ta, sai ta dafe ƙirji. "Queenie! Kakata ba ta ko ɗaukar waya in kina magana."

Avril ta ɗaga haɓa. Muryar nan ta Queenie ta fito, a shaƙe: "Kin zo saye ne, ko kin zo kallona?"

Matar ta yi dariya. Da suka ɗaga ta kan gadon ɗaukar majinyata, ta yi wani ihu da ban taɓa ji a talabijin ba. Ina tsaye da lema a hannu har motar ta sha kwana.

An yi mata aikin ƙugu, amma sanyin ya riga ya shiga huhunta. Kwana tara ta yi. Ɗanta da ke Kanada bai iso ba sai bayan kwana biyu da rasuwarta.

Ni na shiga da makullin da ta ba ni don in zubar da madarar firij. A teburin kicin na tarar da wasiƙun masu kallo, da hotunanta na ƙuruciya da take sa wa hannu ta aika musu. Ambulan biyu a liƙe, da kan sarki. Na ukun, suna kawai ta rubuta. Biron na gefe, ba murfi.