Keken Ɗan Gana

Shekara huɗu Mista Ofori ya yi yana koyar da Turanci a Tarauni, tun tana ƙauye a gefen birni. Ya zo daga Gana ana shirin miƙa mulki ga farar hula, ga shi yau farar hular ce ta ba baƙi wa'adi su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar.

Maƙwabtansa na Gyadi-Gyadi, waɗanda ko gaisuwarsa ba sa amsawa sai da ƙyar, yau sun cika masa ɗaki wai ban kwana. Wannan yana latsa katifa, wancan yana gwada rediyo, kamar ungulu sun ga mushe.

Mai gidan da yake haya, Alhaji Maje, ya riga kowa dafe keken Ofori.

"Kai Ɗan Gana, wannan nawa ne. Amma sai mun yi takarda, kada 'yan sanda su ce na sata ne."

Ya zaro biro ya fara rubutu, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Af, yaya ma sunanka?"

Ofori ya dube shi. Shekara huɗu katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma shi yake karanta masa wasiƙun banki.

Ya zare keken daga hannun Alhaji a hankali.

"Rubuta Ɗan Gana, Alhaji. Muna nan cike da tashar mota. Duk wanda ka samu, ya sa maka hannu."